Abin da ɗalibin malanta zai tarar a filin gasar masu tawayar fahimta

Kwalejojin horar da malamai da dama kan tura ɗalibansu aikin sa-kai a gasar wasanni ta masu tawayar fahimta. Wani kwas ne ya wajabta masa zuwa, wani kuwa ra'ayinsa ne ya kawo shi. Yawancinsu sukan iso da zuciya ɗaya da niyyar taimako, kuma wannan niyya ce ke fara jefa su cikin matsala. Wanda ya shigo fili da "bari in taimaka" a ransa, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya: ya ɗaure wa wannan igiyar takalmi ba a roƙe shi ba, ya ja waccan da hannu zuwa layinta, ya ƙara wa wancan 'yan santimita a awo don kada ransa ya ɓaci. Kafin rana ta raba ya ɓata wa mutum uku gasa, shi kuwa gani yake alheri ya yi.

A fara da sanin su wa za a tarar. Masana na auna tawayar fahimta da abu uku: sakamakon gwajin basira da ya tsaya wajen 70 zuwa 75 ko ƙasa da haka, wahala a harkokin yau da kullum kamar lissafin kuɗi da kula da kai da mu'amala da jama'a, sannan abin ya faro tun mutum bai gama girma ba. Daban take da taɓin hankali, kuma ba a sha mata magani ta tafi. A fili guda za ka ga mai lalurar Down, ka ga mai otizim da tawayar ta haɗe masa, ka ga wanda ko kusa ba za ka gane ba sai an faɗa maka. Akwai wanda zai yi gudun mita 100 ya bar ka a baya kana haki, akwai wanda gasarsa ita ce ya taka mita 10 da abin dogarawa. Da yawansu ma sun girme ka. Ana shiga gasa daga shekara 8, amma babu iyaka ta sama, saboda haka wanda kake shirin kira "yaro" yana iya zama mutum mai shekara 40 da ke fita aiki kowace safiya. Ka yi masa magana yadda za ka yi wa duk wani mai shekarunsa, da muryarka ta yau da kullum.

Mafi yawan irin wannan gasa na bin dokokin Special Olympics, ƙungiyar wasanni ta duniya ta masu tawayar fahimta. An yi ta farko ranar 20 ga Yulin 1968 a filin Soldier Field na birnin Chicago, da 'yan wasa kusan 1,000 daga Amurka da Kanada. Eunice Kennedy Shriver ce ta kafa ƙungiyar, sunanta ne kuma aka fi sani, amma ya kamata ɗalibin malanta ya riƙe sunan Anne Burke, matashiyar malamar motsa jiki a hukumar wuraren shaƙatawa ta Chicago, wadda ta fara kawo shawarar gasar. Kada kuma a rikita ta da Paralympics, gasar duniya ta masu buƙata ta musamman, inda ake zaɓar gwanayen gwanaye kaɗai. A can ma akwai masu tawayar fahimta a guje-guje da ninƙaya da ƙwallon tebur, kodayake an taɓa fitar da su gaba ɗaya bayan gasar Sydney ta 2000, da aka gano cewa 10 daga cikin 'yan ƙwallon kwandon Sifaniya 12 ba su da wata tawaya. Ba su dawo ba sai a Landan a 2012. Ƙaryar wasu ta ci shekara 12 na waɗanda ba su ji ba su gani ba.

Rabon rukuni, da yadda tausayi ke ɓata shi

Idan akwai abu ɗaya da ɗan sa-kai zai fahimta kafin ya sa ƙafa a fili, to rabon rukuni ne, don duk sauran ayyuka a kansa suka rataya. Ba a zuba kowa a tsere guda a ce mai ƙarfi ya ci. Ana fara rabawa maza da mata, sai shekaru: 8 zuwa 11, 12 zuwa 15, 16 zuwa 21, 22 zuwa 29, sai 30 zuwa sama. Daga nan sai a raba bisa iyawa. Kowane rukuni bai kamata ya gaza mutum 3 ba, ba zai kuma wuce 8 ba, ana kuma ƙoƙarin kada tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya ta wuce kashi 15 cikin 100. Alal misali, idan mafi sauri a rukunin mita 100 yana yin daƙiƙa 16.0, na ƙarshensu bai kamata ya wuce 18.4 ba. Da haka kowa ke tsayawa a layin tashi yana da damar cin zinare ta gaske.

To daga ina ake samun waɗannan lambobi? Daga zagayen gwaji da ake yi kafin na ƙarshe, kuma sau da yawa agogon yana hannun ɗan sa-kai. Ga kuma wata doka da ke tafe da wannan, ta yin iya ƙoƙari: wanda sakamakonsa na ƙarshe ya zarce na gwaji da fiye da kashi 15 cikin 100 ana iya soke shi, domin ana ɗauka ya ɓoye ƙarfinsa ne da gangan don a sa shi cikin raunana. Yanzu ka ɗauka ɗan wasan da ya saba yin daƙiƙa 18 ya rage gudu a zagayen gwaji yana ɗaga wa wata 'yar sa-kai hannu saboda tana ta kiran sunansa daga gefe, aka rubuta masa 22. A zagayen ƙarshe ya yi 18 ɗinsa. Bambancin ya kai kashi 18 cikin 100. An soke shi, ya tashi da ƙyallen shaidar halarta kawai, bayan ya shafe makonni yana atisaye. Haka nan wanda aka yi wa "kyautar" santimita 20 a tsallen gwaji, an tura shi rukunin da ya fi ƙarfinsa, zai kuma zo na ƙarshe. Idan ka ga wani abu ya hana ɗan wasa nuna ainihin iyawarsa a gwaji, ka faɗa wa kocinsa nan take. Koci yana da damar miƙa wa masu shirya gasa lambar da ta fi dacewa kafin a fitar da rukunai. Bayan an fitar, bakin alƙalami ya bushe.

Riƙon agogo na da ƙa'idoji da ba a cika koya wa sabon zuwa ba. Ana dannawa ne da ganin hayaƙi ko walƙiyar bindigar tashi, ba a jiran ƙararta. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa guda, saboda haka wanda ke tsaye a ƙarshen mita 100 ba zai ji ƙarar ba sai bayan kusan kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa, kuma wannan ya isa ya sauya wa mutum rukuni. Ana tsayar da agogo lokacin da gangar jiki ta kai layi. Kai ko hannu ko ƙafa ba sa cikin lissafi. Lokacin da aka ɗauka da hannu ana cika shi zuwa sama, wato 17.32 ya zama 17.4. Kada ka goge agogonka sai babban mai ƙidaya ya gani ya rubuta. Sannan ka haddace fuska da lambar ƙirjin wanda aka ba ka, don wasu kan bar layinsu a tsakiyar gudu, mai kallon layi kawai sai ya ɗauki lokacin wani ya rubuta wa wani.

Masu tarbar 'yan wasa a ƙarshen tsere su tsaya kamar mita 5 zuwa 10 bayan layin gamawa. Dalili shi ne da yawa kan tsaya cak da zarar sun iso inda mutum yake tsaye, ko su fara rage gudu tun daga nesa don kada su bangaje shi. Idan kana kan layi, ka hana shi tsallakewa ke nan. Gudu a gefensa kana zuga shi ma laifi ne a dokar guje-guje, kuma shi za a soke, kai ba abin da zai same ka.

Awon tsalle da jifa ya fi sauƙi, amma a nan hannu ya fi karkata. A tsallen nisa daga tsaye, ana aunawa daga layin tashi zuwa alama mafi kusa da wani sashe na jiki ya bari. Idan ya dira ya dafa hannu a baya, wurin hannun ake aunawa, komai kyan tsallen. Sifirin tef yana wurin dira, ana karanta lamba a layin tashi, a kuma rage zuwa cikakken santimita. A jifar ƙwallo ana ba da dama 3 a ɗauki mafi nisa, kuma inda ta fara taɓa ƙasa ake sa alama, ba inda ta gangara ta tsaya ba. Mutum ɗaya ya zuba ido a ƙasa don wannan aikin kaɗai.

Rumfar jira

Aikin da aka fi ba ɗalibai shi ne rakiya, kuma shi ya fi kama da aji. Ana tara 'yan wasa a rumfa kafin lokacinsu, a zaunar da su jere bisa lambar layi, a duba lambar ƙirji da sunan da ke takarda. Kai za ka kai rukuninka wurin tashi, ka karɓe su a ƙarshe, ka kai su wurin karramawa, ka mayar da kowa hannun kocinsa. Ka ƙirga su duk lokacin da kuka tashi daga wuri, ka sake ƙirgawa in kun isa. Galibi bayan karramawa ake nemar mutum a rasa, lokacin da kowa ya saki jiki, iyaye sun cika wurin, ɗan rakiya kuma ya ɗauka aikinsa ya ƙare. "Ga kocina can" bai isa ka sake shi ba. Ka taka ka miƙa shi, kocin ya gan ka ka gan shi. Zancen bayan gida a yi shi tun kafin a kira rukuni. Jira ma kansa shi ne abin da ya fi gajiyar da mutane a ranar, don haka idan jadawali ya makara, ka faɗa musu gaskiya a taƙaice: "Saura tsere biyu, sannan mu."

Ga yadda umarni ke shiga. Ka fara kiran sunansa, ka bari ya juyo. Ka faɗi abu ɗaya cikin 'yan kalmomi: "Tsaya bayan farin layi." Sannan ka yi shiru, ka ƙirga har goma a zuciyarka. Wannan shirun ne ke gagarar sabon malami. Daƙiƙa uku kawai sai ya ji kamar an yi shekara, sai ya sake faɗa da wasu kalmomi daban, ya ƙara bayani a kai. Shi kuwa ɗan wasan yana tsakiyar warware jimlar farko, ga ta biyu ta faɗo masa, dole ya koma farko. In za ka maimaita, ka maimaita da kalmomin da ka fara amfani da su. Ka faɗi abin da za a yi maimakon abin da ba za a yi ba, domin "kada ka fita daga layi" na iya barin "fita daga layi" kaɗai a kunne. "Bi layinka har ƙarshe" ya fi.

Kada ka dogara da "Ka gane?" An daɗe da sanin cewa masu tawayar fahimta da yawa kan amsa da "e" ga wanda suke ganin babba ne, ko sun gane ko ba su gane ba, don sun koyi cewa amsar da ke kawo zaman lafiya ke nan. Ka ce "Nuna mini inda za ka tsaya." Ƙafarsa za ta ba ka amsa.

Taimako kuma hawa-hawa ne, ana farawa daga mafi ƙanƙanta. Magana tukuna. In ba ta yi ba, ka gwada masa da jikinka ya gani. In ba ta yi ba, ɗan taɓi a kafaɗa ko gwiwar hannu, bayan ka nemi izini. Riƙe shi a yi tare shi ne na ƙarshe, kuma da zarar an fara gasa, hawa biyun nan na ƙarshe, taɓi da riƙo, haramun ne sai a wasannin da doka ta ware don haka. Duk hawan da ka tsallake, ka ƙwace masa damar nuna cewa zai iya. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin tura ɗalibin malanta filin nan, don a aji yana iya shekara yana yi wa yaro aikinsa ba wanda ya lura, a fili kuwa alƙalin wasa zai ɗaga tuta a take.

Wani lokaci hayaniya kan yi wa mutum yawa: lasifika, tafi, bindiga, usur. Za ka ga ya toshe kunnuwa, ko ya zauna a ƙasa ya ƙi motsi, ko ya fara kai da komo. Ba taurin kai ba ne. Mutum ɗaya ya tsaya kusa da shi, sauran su ja baya, a rage magana, kada a taɓa shi, a aika a kira kocinsa. Kuskuren da aka saba yi shi ne mutum biyar su zagaye shi kowa na lallashi. Idan ka ga wani sanye da abin toshe kunne, ka bar masa abinsa.

Lafiya da kariya

Ba a sa ka aikin likita ba, amma kafin a fara ka san inda rumfar masu ba da agaji take da wanda za ka kira. Farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu tawayar fahimta fiye da sauran jama'a. In ta kama wani, ka duba agogo, ka kawar da abin da zai ji masa rauni, ka sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa. Kada ka danne shi, kada ka sa masa komai a baki, ko ruwa. In jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe. Idan ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, abin ya zama na gaggawa. A cikin ruwa kuwa, a tallafe kansa sama da ruwa har ta lafa, a fito da shi, likita ya duba shi ko da ya ce ya warke.

Zafi na yi musu illa fiye da yadda ake zato, saboda wasu magungunan da suke sha na rage zufa, wasu kuma ba za su ce suna jin ƙishirwa ba. Kada a jira su nema, a riƙa zagayawa da ruwa. Abinci kuwa akasin haka ne: kada ka ba kowa ko alewa ba da sanin kocinsa ba. Akwai mai ciwon sukari, akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci, akwai mai lalurar Prader-Willi da ba ya jin ƙoshi, zai kuma ce maka bai ci komai ba. Masu lalurar Down kusan rabinsu ana haihuwarsu da matsalar zuciya, wasunsu kuma suna da sassauci a tsakanin ƙasusuwa biyu na saman wuya, abin da ke sa a hana su wasanni irin su tsallen sama da faɗawa ruwa da ka. Wannan yana cikin takardar lafiyarsu. Don haka ko da wasa kada ka ce wa wani ya yi alkafura lokacin ɗumama jiki.

Dokar kariya gajeriya ce: kada ka keɓe da ɗan wasa kai kaɗai inda ba a ganinku. Rakiyar bayan gida manya biyu ne, su tsaya a ƙofa. Ba musayar lambar waya. Ba ɗaukar hoto a ɗora a Facebook sai da izini, kuma hoton "ga ni ina taimakon bayin Allah" ko da izini ma a haƙura da shi. A shekarun baya akan ware 'yan sa-kai musamman don rungumar duk wanda ya gama tsere, an kuma soki wannan da cewa mayar da manya yara ne, yana kuma koya wa mutanen da ake yawan cutarwa cewa kowane baƙo na iya taɓa su. Tafa hannu ya wadatar. Idan wani ya faɗa maka ana cutar da shi, ka saurara, kada ka yi alƙawarin rufe sirri, kada ka shiga yi masa tambayoyin bincike. Ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, ka kai wa jami'in da aka naɗa don haka a ranar.

Karramawa ba ta da wuya. Na ɗaya zuwa na uku lambobin zinare da azurfa da tagulla, na huɗu zuwa na takwas ƙyallen yabo mai lambar matsayi, wanda aka soke ko bai gama ba ƙyallen halarta. Ana farawa daga na baya a ƙare da na ɗaya. Ka tambayi yadda ake furta kowane suna kafin a kai wa mai sanarwa. Wani zai yi kuka don ya zo na huɗu. Ka bar shi ya yi. Kada ka ce masa "ai kowa ya ci", ya san ƙarya ne, ya ga wanda aka rataya wa zinare.

Ga malaman da ke tura ɗalibai

Wuni ɗaya a fili na iya gyara tunanin ɗalibi, yana kuma iya ƙara masa abin da ya zo da shi. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya nuna cewa cuɗanya ba ta rage ƙyama sai an cika sharuɗɗa: matsayi ɗaya, manufa ɗaya, aiki tare, da goyon bayan masu iko. Ɗalibin da ya wuni yana raba ruwa sanye da rigar 'yan sa-kai bai cika na farkon ba. Shi mai bayarwa ne, su masu karɓa, zai kuma koma yana cewa "abin tausayi". Shi ya sa wasannin haɗaka, waɗanda Special Olympics ta fara a ƙarshen shekarun 1980 da sunan Unified Sports, suka fi amfani ga malamin gobe: masu tawaya da marasa ita a ƙungiya guda, riga iri ɗaya, a ci tare a sha kashi tare. Su ma suna da tasu cutar, wato abokin wasan da ke mamaye ƙwallo, ko wanda ke zubar da ita da gangan don a ce ya kyauta. Koci nagari kan fitar da duka biyun.

Kafin ranar, a ba ɗalibai aƙalla zama ɗaya da agogo da tef a hannu, su auna junansu, su ga yadda mutum uku ke samun lokaci uku a tsere guda. A ba kowa aikin lura ƙwaya ɗaya tak: ya rubuta umarni uku da ya bayar kalma da kalma, daƙiƙa nawa ya jira, a wane hawan taimako aka tsaya. A hana rubuta sunan ɗan wasa ko lalurarsa a rahoton. A tattauna cikin kwana biyu, kafin abin ya rikiɗe ya koma labarin "na ƙaru ƙwarai". Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce: a ina ka sa hannu alhali da ka jira da ya yi da kansa?

Wanda ya ga yana son ci gaba, wurinsa filin atisaye ne. Ana son 'yan wasa su yi aƙalla mako 8 suna horo kafin gasa, kuma a nan ake ganin yadda koci ke yanka abu guda, kamar miƙa sanda a tseren karɓa-karɓa, zuwa ƙananan matakai: tsayuwa, miƙa hannu baya, buɗe tafi, damƙewa, sannan gudu. Wannan matsayi ya fi na ɗan wuni ɗaya sharuɗɗa. Yawancin shirye-shirye za su nemi ka cike takardar rajista, a binciki tarihinka, ka kuma yi ɗan kwas na kare 'yan wasa daga cutarwa kafin a bar ka kusa da su. Binciken kan ɗauki lokaci, don haka a nema tun farkon zangon karatu.